Umarnin Baba Sun Ƙi Bin Mu Sabon Rumbu

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma kana shan maganin ba sai Mama ta yi ta binka da shi ba.

Baba, na gaji. Ka san asibitinmu ya sayi sabon rumbun bayanai na kwamfuta, kuma ni aka ɗora wa aikin ƙaura. Sunayen majinyata da tarihin jinyarsu sun ƙaura cikin kwana biyu. Amma umarnin nan da ka rubuta wa kwamfuta ka ajiye a cikin tsohon rumbun tun kana aiki a nan, guda ɗari uku da sha ɗaya, sun ƙi tafiya. Kowane rumbu da irin yarensa. Yadda tsohon ke lissafin kwanan wata daban, yadda yake haɗa kalmomi daban. Shugaban sashenmu ya ɗauka kwafa kawai za a yi. Sati bakwai ke nan ina sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin nan mai sanyi da ka sani, kujerar ma ba a canja ba.

'Yarka, Auta

Baba,

Ina gaishe ka. Yaya jikin? Na ji daɗin bayanin da ka aiko, ko da yake rabinsa faɗa ne.

Ranar Laraba mun sha da ƙyar. Muna gwaji, sai mai haɗa magani ta lura kwamfuta ta amince a ba wata majinyaciya allurar da jikinta ba ya ɗauka. Na bi diddigi. A tsohon rumbun, in an bar gurbin maganin da jikin majinyaci ba ya ɗauka ba a cike ba, yana ɗaukarsa "ba a sani ba", sai umarninka ya tsayar da maganin har a tambayi likita. Sabon kuwa yana ɗaukarsa "babu matsala". Umarnin bai canja ko harafi ɗaya ba, ma'anarsa ce ta juye. Gwaji ne, ba a yi wa kowa allura ba.

Shugaba yana so a fara aiki da shi ranar Litinin. Na ƙi sa hannu. Tun daga nan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Auta

Baba na,

Da fatan kuna lafiya kai da Mama.

An ƙara mana wata guda, amma an ba wani jagorancin aikin. Ban ma da ƙarfin jin haushi. Na dai samu sun yarda mu fitar da dokokin maganin da ke cikin umarninka daga rumbun, mu ajiye su daban, don kada wanda zai zo bayana ya sha irin wannan wahala. Wato aikinka nake rushewa da hannuna, ka yafe mini.

Jiya na kai ga umarni na ƙarshe. Ya fi duka hargitsewa, har na fara yi maka tsiya a zuciyata. Sai na ga abin da ka rubuta a samansa: "An yi cikin gaggawa, mai ɗakina na naƙuda. Zan gyara gobe." Na duba kwanan watan. Ranar haihuwata ce.

Ba ka gyara ba, Baba. Na gyara maka.

Ka gaida Mama. Ina nan tafe ranar Asabar, kuma barci kawai zan zo yi.

'Yarka, Auta