Minti Tara a Gidan Mai

Litinin, 2 ga Yuni

Yau ma Baba ya tsaya a gidan mai a hanyar kai ni makaranta, kuma bai sha mai ba. "Auta, ina zuwa." Ya zaga baya da waya a hannu. Minti tara cif. 'Yar mai gyaran agogo ce ni, ba a yi mini wayo da lokaci. Ya dawo bai kalle ni ba.

A littafin soyayyar da nake karantawa, haka abin ya fara. Tsayawa babu dalili.

Laraba, 4 ga Yuni

An kira shi muna cin abinci, ya tashi ya fita tsakar gida. Muryar mace ce, na ji. Ya yi ƙasa da murya: "A'a, ba wannan makon ba. Ki ƙara mini lokaci, ban shirya ba."

Bai shirya me ba? Shekara uku kacal da rasuwar Mama. Keken ɗinkinta na nan a ɗakinta da mayafinsa.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ya daina shan shayin yamma, mutumin da ko kwano bai kai wa baki sai da shayi. Gwaggo, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan tun bayan Mama, ta san wani abu. Na ɗan taɓa ta, ta ce, "Ke dai ki koma karatun ƙaryarki, sarauniyar mafarki."

Kuma ta sayo sabon kofin awo, wai tsohon ya fashe. Na roba ne, bai fashe ba, na gan shi a bayan ƙofar banɗaki. Wannan ban gano inda ya shiga labarin ba tukuna. Amma kowa a gidan nan ƙarya yake mini.

Asabar, 7 ga Yuni

Na kai masa abinci shago, ya ce in zauna, ya fita (kuma dai). A aljihun teburinsa, ƙarƙashin gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, na ga ɗan littafi mai baƙin bango. Rubutunsa ne, ƙanana kamar tururuwa. Lokaci, sai lamba a gefe. 6:12, 90. 7:41, 60. Har da biyun dare, har da huɗun asuba.

7:41 lokacin gidan mai ne. Lambobin kuwa daƙiƙun da suke yi a waya ne, me zai zama in ba haka ba? Sau goma sha huɗu a rana ɗaya. Ko jarumin littafina bai kai haka ba.

Na ɗauke.

Talata, 10 ga Yuni

Tun safe yake birkita gida. Na ji su daga ɗakina. Gwaggo: "Yaya, kai ka ɓoye shi don kada ka je." Shi: "To babu littafin me zan kai mata? Sai wani makon." Kamar ma daɗi ya ji.

Bai je ba. Na raba su ke nan, ko na mako guda ne. Na zata zan ji sanyi.

Juma'a, 13 ga Yuni

Baba na asibiti.

Asabar, 14 ga Yuni

Jiya da hantsi fitsari ya ƙi fita masa sam, a shago. Telan da ke maƙwabtaka da shi ne ya kai shi, yana gumi yana duƙe. Sai da suka sa masa robar fitar da fitsari.

A kan bencin baranda Gwaggo ta gaya mini, idonta a ƙasa. Wai akwai wata tsoka ta maza a ƙarƙashin mafitsara, furostet suke ce mata, in mutum ya manyanta takan girma ta matse hanya. Shi ya sa gidan mai. Shi ya sa shayi. Ƙwayoyin da aka ba shi jiri suke sa shi, ba ya iya riƙe ɗan ƙusan agogo. Wata huɗu ana nemansa yana zillewa, don tun da yayansa ya shiga ɗakin tiyata bai fito da rai ba, Baba ko kalmar wuƙa ba ya son ji.

Littafin kuwa likita ne ya ce ya rubuta lokacin da ya zaga da yawan abin da ya fita a kofin awon nan, kwana uku. Baba ya yi mako shida, don shi ne. Ran Talata aka so yi masa bayanin hanyoyin da babu yanka.

Sai ga mai muryar ta zo wucewa. Nas ce, sa'ar Gwaggo, da takalmin roba da dariya mai ƙarfi. "Wannan ce Autar? Ki taya ni faɗa da babanki."

Littafin na cikin jakata a lokacin. Na shiga banɗaki na kunna famfo.

Litinin, 16 ga Yuni

An sallamo shi da robar, yana ɓoye jakar a ƙarƙashin riga. Na ajiye masa littafin a gabansa.

"A ina kika tsinta?"

"Ban tsinta ba, Baba. Ɗauka na yi."

Ya ce me na zata. Gwaggo daga bakin ƙofa: "Budurwa ta yi maka, Yaya. Mai kira sau goma sha huɗu." Ya yi ta dariya yana dafe ciki, yana cewa mu ji tausayinsa kada robar ta fita. Ni da ƙasa za ta tsage.

Da ya nutsu ya ce, "Ko ba ki ɗauka ba, da wani dalilin zan nemo, Auta." Ban sani ba ko gaskiya ce, ko don ni ya faɗa.

Sannan ya miƙo takardar bayanin hanyoyin da suka ba shi, wai rubutun ya yi masa ƙanana. Mai ganin cikin agogo. Bango na juya wa fuska na karanta masa. Akwai ta tururi, ana shigar da shi ya sa tsokar ta motse. Akwai ta 'yan ƙarafa masu ɗage ta gefe kamar labule. Akwai wadda ake zura siririyar roba ta jijiyar wuyan hannu, a toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini, ta rame da kanta. Wasu kalmomin na haɗiye su, bai ce in maimaita ba.

Ni dai ban yarda ba. Tsoffin da ke hoton takardar murmushinsu ya yi yawa.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ya ce sai da ni za a je. Ta wuyan hannu likita ya ga ta fi dacewa da shi, bayan hoto. Baba ya ce da hannun nan yake ci. Likita ya ce hudar ba ta wuce ta allura ba, ido biyu za a yi, kwana kaɗan kada ya ɗaga nauyi. Baba ya ce likita ya miƙo hannuwansa ya gani. Na so in nutse. Likita ya miƙa. Baba ya daɗe yana kallo: "Ba sa rawa."

Ni ce na tambaya: in bai yi ba fa? Likita ya ce ba kowa yake yi wa daidai ba, kuma yana iya dawowa bayan shekaru, a sake dubawa. A mota Baba ya ce nan ne ya yarda da shi. "Ni ma ban taɓa ce wa kowa agogonsa ba zai sake tsayawa ba."

Laraba, 25 ga Yuni

Yau aka yi aikin, awa biyu da minti goma. Na buɗe littafina, ban juya shafi ba har aka fito da shi. Kafin magariba muna gida. Na ce ya nuna mini, filasta ce kamar ta wanda ya yanke da reza. Sai da na leƙa ɗayan hannun ma.

Litinin, 21 ga Yuli

An cire robar tuni. Yau da muka zo gidan mai ya rage gudu, na damƙe jakata, sai ya wuce. Minti goma sha takwas zuwa makaranta.

Ƙawata na neman littafinta da ta ara mini, ni ko ina shafi na 212 tun watan jiya. Na lura duk mutanen ciki babu mai zuwa banɗaki.

Ɗazu nas ta kira jin lafiyarsa. Bai fita tsakar gida ba. Ya yi dariya sau biyu. Ban duba agogo ba. To, na duba. Minti shida, kuma tambayar lafiya ba ta kai minti shida.

Shayi na kai masa, na ja ƙofar.