Sukurun Dunduniyar Hagu

Assalamu alaikum, Yaya Habiba. Ina gaishe ki da kyau. Yaya Tamale? Yaya maigidanki da jaririya, ya jikin surukarki? Mu a Maamobi lafiya lau, Mma tana gaishe ki.

Yaya, Madam mai koya mana rawa ta ɗaga ni zuwa aji na biyu a rawar takalmin ƙarfe. Yanzu muna haɗa bugun dunduniya da na yatsu, sau takwas a hankali, sau takwas da sauri, babu kiɗa sai tafinta. Ranar Asabar za ta cike layin gaba na masu rawa. Wuri ɗaya ya rage, tsakanina da wata Rukaya. Da kunne Madam take zaɓa, baya take juya mana.

Shekaranjiya na ajiye tsohon takalminki da nake rawa da shi a ɗakin rawa, na tafi sallar la'asar. Da na dawo, ƙarfen dunduniyar hagu yana motsi. An taɓa sukurunsa, kuma Rukaya ce kaɗai a ɗakin.

Ita ta fara magana. "Chale, ƙawata, daina hararata. Ni na sassauta miki. Haka manya suke yi, ya fi amo. Naki kamar ana dakan fufu."

Na gwada, wallahi ya fi daɗin ji. Abin da ya dame ni ke nan. Me zai sa ta taimake ni? In ya fice ranar Asabar fa? Na ce ta nuna mini nata, sai ta yi dariya ta tura shi cikin jaka.

Ke kin san rawar nan. In ɗaure ko in bari? Don Allah ki amsa kafin Juma'a. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Kawu Isa.

Ƙanwarki,
Zulai