Zagaye Bakwai

Jega,
Litinin, 5 ga Mayu.

Zuwa ga Malam Mamuda Mai Usur,

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ɗalibinka ne Sabi'u, wanda har yau in ya cire riga matarsa sai ta tambaye shi wa ya yi masa wannan zane a baya. Nakan ce mata sa hannun malamina ne.

Na ba direban motar albasa takardar nan don na san kai da waya ba ku ga maciji, kuma Tungar Ƙirya ba sabis. Ina wani bincike na karatuna a kan yadda ake koyar da motsa jiki da yadda ake auna ƙarfin yara a makarantunmu. Na gama Jega, na fara Aliero, ranar Laraba 21 ga wata zan zo gare ku da sikeli da agogon gudu. Yara arba'in nake so. Na riga na fitar da sunayensu ta ƙuri'a daga rajistar da shugaban makarantarku ya aiko, ga jerin nan a ciki. Za su yi tsalle, a auna nauyinsu, sannan su yi gudun minti goma sha biyu in ƙirga zagayen kowa.

Malam, ba gasa ba ce. Kada a ɓoye mini raunana a kawo mini ƙarti, yadda yaran suke nake son gani. Ko da yake zan gaya maka, don in ji daɗin tsokanarka, wani yaro a Aliero ya yi zagaye tara. Ɗaukar buhun albasa ya yi musu rana.

Abu ɗaya. Lamba ashirin da uku, Zayyad, ɗan yayata Uwani ne. A ɗan sassauta masa, ba shi da ƙwari sosai.

Na bar ka lafiya.
Ɗalibinka,
Sabi'u.

Tungar Ƙirya,
Juma'a, 9 ga Mayu.

Sabi'u,

Wa alaikumus salam. Lahiyarmu lau. Takardarka ta iso, na karanta ta har sau biyu, na biyun don in tabbata kai ne ka rubuto mani cewa ba gasa ba ce.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da usur. Ban taɓa ganin an tara yara, an busa, an ƙirga, an rubuta sunan gari, sannan a ce ba gasa ba ce. In ka kai takardunka can jami'a, wa za ya tsaya tambayar ƙuri'a? Cewa za a yi Aliero tara, Tungar Ƙirya biyar, makarantar Mamuda ce ta kashin baya. Kuna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. To, tsohon kare bai mutu ba tukuna.

Tun ranar Laraba mun hwara. Da an tashi tara nike hiddo su arba'in ɗin nan, har rana ta kai tsakiyar kai, ni da dorinata muna tsaye bakin turken ragar ƙwallo. Wanda ya rage gudu ya san abin da ke jiran shi a kwana. Cikin kwana uku na ga canji.

Batun ɗan yayarka kuwa, ka ban kunya. Ka manta abin da mahaihiyarka, Allah shi jiƙanta, ta zo ta ce mani a kanka? "Malam, a tausaya mai, bai da ƙwari." Kalmarka ke nan sak. Da na saurare ta da yanzu kana bakin tasha kana sayar da rake. Dorina ta kai ka inda kake. Yaron nan rago ne irinka, ido jawur, da an yi zagaye biyu sai dahe ƙirji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma na hwara tanƙwarawa. Za ka gode mani.

Ka zo da agogonka, ka zo da alƙalami mai tawada.

Malaminka,
Mamuda.

Tungar Ƙirya,
Talata, 13 ga Mayu.

Sabi'u ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Ban da lokacin doguwar gaisuwa.

Mi ka rubuta ma Mai Usur? Jiya Zayyad ya shigo yana tahiya a karkace kamar wanda ya ɗauko tulu. Na ɗaga rigarshi, rigar ta manne da jini. Goma sha huɗu na ƙirga, ɗaya ta nannaɗo har kan haƙarƙari. Na ce wa ya yi maka wannan, ya ce, "Inna, Malam yac ce Kawu na yab ba shi amanata." Idonshi ya yi ɗorawa, gwiwoyinshi sun kumbura, kwana munka yi ina gasa mai da ruwan zafi.

Kai ne ka raka mu asibiti yana ɗan shekara huɗu. Kai ka karanta mani takardar da ta ce sikila. Kai da ni da babanshi kaɗai munka sani, kuma ka dafa Alƙur'ani ka ce ba ka faɗi. Ban ce ka faɗi yanzu ba. Saura wata biyu bikin yayarshi, kuma ka san dangin angon, mutanen Fagada, in sun ji akwai wannan jini a gidanmu ko buta ba su sake ɗauka nan. Abin da na ce shi ne ka cire sunanshi daga takardarka. Kai ka sa, kai za ka cire.

Maigida yana kudu da albasa, sai Laraba ta mako mai zuwa. Na gode Allah da bai nan. Ka san shi, ka san addarshi. Ran da wani ya mari yaron nan a kasuwar Maiyama mutum huɗu sunka riƙe shi.

Na hana Zayyad zuwa makaranta yau, Malam ya aiko ƙarti biyu 'yan aji shida sunka ɗauke shi cak kamar rago ran Sallah. Ina ji ina gani.

Ka cire shi, don darajar nonon da munka sha.

Yayarka,
Uwani.

Aliero,
Alhamis, 15 ga Mayu.

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Takardarki ta tayar mini da hankali, wallahi ban ci abincin kirki ba. Ki gaida Salma amarya, ki duba mini Zayyad.

Ki fahimce ni, Yaya. Ba ni na zaɓe shi ba, ƙuri'a ce. In na cire mutum ɗaya sai na rubuta dalili, malamin da ke duba aikina zai tambaya, shugaban makaranta zai tambaya, Malam Mamuda kuwa sai ya bi diddigi har ƙofar ɗakinki. Ƙarya ba ta yi, gaskiya kin hana. Kuma irin su Zayyad ne ma dalilin binciken, don a san ana haɗa mai ƙarfi da marar ƙarfi a kora su da bulala ɗaya.

Kwana shida ne kawai. Ranar Laraba ni zan riƙe agogo, zan ce ya yi tafiya kawai, ba mai taɓa shi ina tsaye. Kafin nan ki ce zazzaɓi yake, ki rufe ƙofa. Zan rubuta wa Malam in na samu sarari, aiki ya yi mini yawa a nan.

Ga takalmin kambas na ba direba ya kawo masa, fari, lambar ƙafarsa. Ki ce masa Kawu ya ce shi jarumi ne, kuma zan rubuta sunansa a littafin da za a karanta a jami'a.

Ki yi haƙuri.
Ƙanenki,
Sabi'u.

Asibiti, Jega,
Litinin, 2 ga Yuni.

Sabi'u,

Assalamu alaikum. Rubutun ga ba nawa ba ne, ɗana Munir ke rubutawa ina hwaɗi. Hannun da na rubuta maka waccan takarda yana cikin rami bayan asibiti.

An ce ka zo Laraba da sikelinka ka iske an dawo daga maƙabarta. An ce ka zo nan sau biyu ka tsaya bakin ƙohwa ka koma. Tunda ba ka iya shigowa, bari in ba ka labari, don kai ne mai son a ƙirga komi.

Ranar Talata na ce a yi gwaji na ƙarshe, minti goma sha biyu cur. Kwana huɗu yaron bai zo ba, an ce zazzaɓi, na bar shi. Sai ga shi da kanshi, da hwarin takalmi sabo. Na busa. Wallahi ban taɓa ganin ya yi gudu irin na ranar ba. A zagaye na biyar ya wuce ni leɓenshi ya yi hwari, ya ce, "Malam, ƙirjina." Na ce, "Kawunka ma haka yac ce!" na zuba mai ɗaya. Ya yi na shida. Ya cika na bakwai, ya hwaɗi daidai ƙahwata.

Na ɗauka wayo ne. Na sha ganin wayon yara. Na ce tashi, bai tashi ba, na shiga dukanshi. Munir ya ce kar in sa a rubuta adadin, na ce ya rubuta: goma sha ɗaya. Yaro bai ko kare da hannu ba. Wata yarinya ce ta kwatsa ihu ta ce, "Malam, hitsari yake, kuma baƙi na!" Sannan na jehar da dorina. Mun ɗora shi a mashin, kahin mu kai titin Maiyama ya yi sanyi a ƙirjina.

Sa'idu ubanshi ya sauko daga mota Laraba da la'asar, ya iske tabarmin gaisuwa ƙohwar gidanshi. An ce bai yi kuka ba. Ya tambayi wanda ya yi wanka mi ya gani a bayan yaro, anka gaya mai.

Alhamis da hantsi ina tsaye hilin nan, ni kaɗai, ban san mi ya kai ni ba. Na gan shi tahe da adda, ban gudu ba. Ya ce, "Wane hannu na?" Na miƙa mai na dama, na aza bisa turken raga. Sara na hwarko bai raba ba, sai da ya ƙara biyu. Ina jin ƙarar ƙashina kamar ana hwasa icce. Ya ɗaga zai sauke mani a wuya, malamai sunka danne shi, ya tsage ma ɗaya kunne. Samarin gari sunka cinna ma ɗakin kayan wasa wuta, sunka jehe gidana har matata ta samu rauni a goshi. Sa'idu yana hannun 'yan sanda. Na ce masu ban da ƙara, sun ce ba ni ke da ta cewa ba. Ni ma ɗan sanda na zaune bakin gadona yana jiran in warke.

Jiya likita ke gaya mani abin da sunka gani a jinin yaron. Sikila.

Sabi'u, ni mugu ne, na yarda, duniya ta shaida. Amma shekara talatin da ɗaya ban taɓa sa mai sikila gudu ba. Su ke riƙe mani tulun ruwa a inuwa, kai ma shaida ne. Ka cika takarda guda da zancen Aliero da albasa, kalma ɗaya ta gagare ka? Ka sani ko ba ka sani ba? Shi kaɗai nike son ji.

Mamuda.

Jega,
Alhamis, 5 ga Yuni.

Yaya,

Assalamu alaikum. Sau uku ina zuwa kina cewa a ce mini ba ki nan, ina jin muryarki. Ban ga laifinki ba.

Jiya na shiga wurin Malam Mamuda. Ya tambaye ni ko na sani, na ce na sani. Ya kalle ni, ya tofa mini yawu a fuska, ya juya bango. Ban goge ba har na fito titi. Takardar da na ce zan rubuta masa ban rubuta ba, Yaya. Ba aiki ne ya hana ni ba, tsoro ne. Har yau in zan yi masa gardama bayana ke fara zafi. Kuma ban so arba'in ɗina su koma talatin da tara. Wannan ce gaskiyar, na faɗa don ki san wanda za ki tsine wa.

Na je wurin Yaya Sa'idu, ya ce in gode Allah akwai ƙarfe a tsakaninmu. Na ji kuma mutanen Fagada sun aiko a mayar musu da kayansu.

Malamin da ke duba aikina ya ce in cire makarantarku gaba ɗaya, in goge layin lamba ashirin da uku tunda ba ni na auna ba. Takardar tana gabana. Ga sunansa, ga shekarunsa goma sha uku, gidan zagaye babu komai. Na kasa gogewa, na kasa cikawa.

Ki yafe mini ko da ba yanzu ba.
Sabi'u.

Tungar Ƙirya,
Lahadi, 8 ga Yuni.

Sabi'u,

Wa alaikas salam.

Na rufe ƙofa kamar yadda ka ce. Ta katanga ya fita, da takalminka a hannu don kar in ji. Yayarshi ta gan shi, ya ce mata, "Kar ki hwaɗa ma Inna. So nike Kawu shi samu abin rubutawa."

Kar ka goge. Ka rubuta mai bakwai. A gefe ka rubuta sunan ciwon da manyan baƙi, na sauke maka rantsuwar.

Ga takalmin nan, ban wanke ba. Kar ka zo.

Uwani.