Aron Sunan Kinasih

Semarang, 20 ga Oktoba, 1996

Mas Wondo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Ibu da duk masu tsefe gashin dinya a rumfarka. Ya tarin Ibu? Mahaifiyar tamu ba ta faɗin ciwo, kai ma ka gado ta, shi ya sa nake tambaya tun daga sama.

Ka ajiye almakashi ka zauna, yau ƙanwarka za ta yi fariya. Ƙungiyar badminton ta jami'armu ta sake ɗauke kofin Java ta Tsakiya, karo na uku a jere. Wasa biyar ake yi, muka tsaya biyu da biyu da 'yan Solo, na ƙarshe ya faɗo kanmu ni da Meilan. Ka tuna ta, siririyar nan da na zo da ita gida bara ta cinye mana soyayyen tahu, awararmu ta waken suya. Ita a bakin raga, ni a baya ina ta duka. Cin kaca muka yi musu, sha biyar da huɗu, sha biyar da bakwai. Kocinmu Pak Sutikno, wanda sai an yi sa'a ake ganin murmushinsa, ranar har haƙoransa muka gani. Meilan ta raɗa mini, "Ashe yana da su."

Saura gasar jami'o'in ƙasa baki ɗaya a Surabaya, farkon Janairu. Jami'armu ba ta taɓa cin ta ba. Wani banki ya yi wa Meilan alkawarin aiki idan muka ci, ta riga ta fara koyon tafiya da dogon takalmi.

Ka aiko mini da ƙwallayenka na gashin dinya kwali goma, na nan jelar kaza suka fi kama da ita. Kuma don Allah a bayan ambulan ka rubuta Kinasih kamar kullum. Wancan karon ka manta ka sa Lastri, saura kaɗan mai kula da ɗakunan kwananmu ta mayar da wasiƙar.

Ka sumbatar mini hannun Ibu.

Ƙanwarka mai kofi,
Lastri

Tegal, 3 ga Nuwamba, 1996

Dik Lastri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Barka da nasara. Ƙwallaye suna hanya.

Tarin Ibu ba tari ba ne. Likita ya ce ciwon ya ci huhunta, watanni suka rage. Ta ji da kunnenta, ba ta yi kuka ba. Da muka dawo gida ta ce abu ɗaya take so.

Zan rubuta shi dalla-dalla. Na san kin san shi, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa faɗarsa da baki. Shekara goma sha uku ke nan da zazzaɓi ya ɗauke ƙanwarmu Kinasih tana da shekara tara. Ke kina da sha ɗaya. Bapak, mahaifinmu, ya ga hannunki a wasa, yana so ki shiga gasar 'yan ƙasa da shekara goma, inda ba mai iya tsayawa gabanki. Bai kai rahoton rasuwar ga hukuma ba. Ya ɗauko takardar haihuwarta ya ba ki, ya kai ki Semarang. Tun daga nan duk takardarki ta makaranta da duk kofinki da sunanta suke. Ita kuwa kabarinta guntun katako ne kawai a kai, ba rubutu.

Kin san kowane Sha'aban ƙauye na fita sharar maƙabarta, liman ya karanta sunayen mamata a lasifika ɗaya bayan ɗaya, a yi musu addu'a. Shekara uku ana karanta na Bapak. Na Kinasih ba a taɓa ba. Ibu tana zuwa da wainar shinkafarta ta zauna ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta dawo.

Bana tana so a karanta, kuma a sassaƙa sunan a dutse. An sa ranar 22 ga Disamba. Ta ce ba za ta yi ba sai da yardarki.

Ina jiran amsarki. Allah ya tsare ki.

Yayanki,
Suwondo

Semarang, 11 ga Nuwamba, 1996

Mas,

Salam. Ina gaishe ka, ina gaida Ibu. Allah ya ba ta sauƙi, Allah ya ƙaryata likitan nan. Kwana uku ina riƙe da wasiƙarka na kasa amsawa.

Ka manta da Pak Hartoyo ne? Kocin abokan hamayyarmu na Yogya, wanda matarsa 'yar ƙauyenmu ce, wanda ba ya fashin sharar maƙabarta? Shekara biyu da suka wuce ya kai ƙarata gaban hukumar wasa, ya ce yana jin ƙishin-ƙishin a kan shekaruna. Rashin hujja ya sa aka kori ƙarar. Yanzu so kake mu sassaƙa masa hujjar a dutse, mu kuma sanar da shi a lasifika?

Ba ni kaɗai zan faɗi ba. Doka ta ce duk wasan da aka yi da ɗan wasan bogi an soke shi. Kofuna uku za a kwashe daga kabad ɗin jami'a, a hana mu zuwa Surabaya. Mu goma sha biyu ne, sha ɗaya ba su san komai ba. Digirina da ya rage wata tara, na wata yarinya ce da ta mutu a aji uku na firamare.

Jiya bayan atisaye Meilan ta dube ni ta ce, "Kinasih, me ya same ki? Ƙwallo uku suka wuce ta kanki kina kallon rufi. Saurayi ne? Nuna mini shi in fasa masa raket a ka." Na ce ciwon kai ne. Shekara huɗu muna wasa tare, ta san ƙafar da zan ɗaga kafin in ɗaga ta, amma ba ta san sunana ba.

Kuma raina ya ɓaci, Mas, ba zan ɓoye maka ba. Wa ya tambaye ni a lokacin? Kwana arba'in ba su cika da rasuwarta ba Bapak ya tsayar da ni a tsakar gida yana kiran "Kinasih!" Idan ban waiwaya ba in yi tsallen igiya ɗari biyu. Kana nan kana kallo, shekararka goma sha tara, ba ka ce uffan ba. Yau kuma sai an ce sai da yardata.

Ku jira Sha'aban na baɗi. Na karɓi digiri, Meilan ta shiga bankinta, ni da kaina zan ɗauko dutsen a ka.

Ka roƙar mini gafarar Ibu.

Lastri

Tegal, 24 ga Nuwamba, 1996

Dik Lastri,

Gaisuwa da fatan alheri.

Gaskiyarki, ban ce komai ba a lokacin. Tsoron Bapak nake yi, kuma ina jin daɗin yadda ƙwallayenmu suka samu kasuwa saboda ke. Wannan laifin nawa ne, ina ɗauke da shi.

Amma babu baɗi. Ibu ba ta iya zuwa bakin rijiya yanzu sai an riƙe ta. Shayi kaɗai take sha, shi ma rabin kofi.

Na karanta mata wasiƙarki, na tsallake wurin tsallen igiya. Ta ce, "Karanta inda ka tsallake, Wondo. Ni na haife ka, na san muryarka idan kana ɓoye abu." Na karanta. Ta ce, "Ɗari uku ne. Ni nake ƙirgawa daga madafa."

Na ce mata ko mu yi addu'ar a gida, mu kaɗai. Ta ce shekara goma sha uku tana yin ta a gida ita kaɗai. Ta ce za a kwantar da ita kusa da yarinyar nan, da wane ido za ta je mata? Kowane yaro da ya mutu a ƙauyen nan an kira sunansa mutane sun ce amin, sai nata.

Ba zan tilasta ki ba. Amma wannan maganar ba ta takarda ba ce. Jirgin ƙasa awa uku ne. Ki zo ki faɗa mata ido da ido.

Allah ya yi mana jagora.

Suwondo

Semarang, 9 ga Disamba, 1996

Mas,

Ina gaishe ku duka. Allah ya sassauta wa Ibu.

Na gwada, ka sani. Ranar Alhamis na sami Pak Sutikno a ofis yana ɗaure igiyar raket. Na ce, "Pak, akwai maganar takarduna." Bai ɗago ba. Ya ce, "Takardunki suna da kyau, ni na duba su." Na ce ba nawa ba ne. Sai ya ajiye raket ɗin ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Shekara ashirin ina wannan aikin. Yarinya 'yar sha takwas ta zo mini da kafaɗun 'yar ashirin, kina tsammanin makaho ne ni? Ban tambaya ba, ke ma ba ki faɗa ba, kuma yau ɗin ma ban ji komai ba. Ki leƙa waje." Na leƙa ta taga. Meilan ce ke zagaye fili da gudu, gwiwa ɗaure da bandeji. Ya ce, "Idan kin matsu ki yi gaskiya, fara da waccan."

Na fita na nufe ta. Ta tsaya tana haki ta ce, "Kin zo ki taya ni ne ko kin zo kallo, gimbiya?" Na shiga muka yi gudun tare.

Gobe za a shiga da mu sansanin horo, ba fita sai Surabaya. Ƙarya nake yi idan na ce ba zan iya neman izinin kwana ɗaya ba. Tsoro nake ji. Idan na ga fuskar Ibu zan ce to, in kashe mutum goma sha ɗaya. Ina jin kunyar kaina, amma amsata tana nan: ban yarda ba.

Ku yafe mini.

Lastri

Tegal, 23 ga Disamba, 1996

Dik Kinasih,

Assalamu alaikum. Ina fata horo yana tafiya daidai.

An yi sharar maƙabarta jiya. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da zai taɓa ƙungiyarku.

Da na karanta wa Ibu amsarki ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Yarinyar nan ta sha wuya." Ranar Juma'a ta sa na kira liman da mai sassaƙa dutse, ta ba kowannensu takarda da suna a rubuce. Liman ya duba tasa ya ce, "Bu Tumirah, wannan yarinyar tana da rai." Ta ce, "Ni na haife su su biyun. Allah ya san wadda ke kwance a can, shi ba takarda yake dubawa ba. Suna ɗaya ya rage mini da ba mai amfani da shi. Ka karanta." Ya ƙi, ya tafi, ya dawo da la'asar ya same ta tana aman jini, ya karɓi takardar.

Mu huɗu muka ɗauke ta a kujera. Pak Hartoyo yana nan da matarsa, da kyamara rataye a wuya. Liman ya karanto sunan Bapak, sannan ya ce, "Lastri 'yar Prayitno." Duk ƙauyen nan sun san ki, sun goya ki, sun yi ihu a gaban talabijin saboda ke. Suka sunkuyar da kai suka ce amin. Ni ma na ce.

Pak Hartoyo ya je ya karanta dutsen, ya zo ya durƙusa gaban Ibu ya ce ta yafe masa, ashe babbar ce ta rasu, an ba shi labari a karkace. Ta ce ba komai.

Akwai abin da ba ki sani ba. Wannan dabarar ta Bapak ce. Tun a makon farko ya so a rubuta sunanki a kabarin don komai ya daidaita. Ibu ta kwanta a kan kabarin ta ce sai dai a haɗa da ita, ba za a binne mata 'ya da ranta ba. Shi ya sa katakon ya zauna ba rubutu duk shekarun nan. Jiya ita da kanta ta shafa haruffan da yatsa.

A hanyar dawowa ta ce mini, "Sunan yana kan dutse yanzu. Kada in ƙara jin an kira mai rai da shi a gidana." Shi ya sa kika ga yadda na buɗe wasiƙar nan. Hannuna bai so ba.

Ta ce ki ci abinci sosai, ki kula da bayan Meilan.

Yayanki,
Suwondo

Surabaya, 9 ga Janairu, 1997

Mas Wondo,

Salam. Ina gaishe ka, ina gaida Ibu.

Mun ci, uku da biyu. Meilan ta yi ta kuka a wuyana.

Shekara goma sha uku kowa na ce mini Kinasih ban damu ba, don na san akwai gida ɗaya a Tegal da ake kirana da sunana. Zan iso ranar Asabar a jirgin safe. Ka tambayar mini Ibu ko za ta yarda ta kira ni da shi sau ɗaya, a ɗaki, ba wanda zai ji. Idan ta ce a'a, kada ka gaya mini a tasha. Ka bari in shiga tukuna.

Ka sumbatar mini hannunta.

Ƙanwarka