Hoton Baba a Bakin Shago

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, Mama na gaishe ka.

Ga hoton Baba da ka ishe ni in ɗauka. Kyamarar nan da ka bar mini, wallahi ta fi ƙarfina. A cikin shago na ɗauke shi, yana zaune gaban keken ɗinkinsa, amma duk wanda na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Baba ya ce laifinka ne, wai tsohuwa ka bar mini ka gudu da mai kyau. Na zaɓo mai dama-dama, sai ka yi haƙuri da shi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki gaida Mama da Baba.

Kyamarar lafiyarta ƙalau. A cikinta akwai ɗan labule da ke buɗewa haske ya shiga, sannan ya rufe. Lambar da kike gani a allon baya ita ce tsawon lokacin da yake a buɗe. Shagon Baba akwai duhu, shi ya sa ta bar labulen a buɗe har ɗaya bisa talatin na daƙiƙa. Wannan jinkiri ne, duk abin da ya motsa a lokacin shafewa yake yi.

Sai dai na ƙura wa hoton ido. Da hannunki ne ya motsa, da komai ya shafe tare. Amma keken ya fito tas, kalandar bango ma ana karantawa. Hannun Baba na dama da haɓarsa kaɗai ne suka shafe. Ina ce a zaune kawai yake?

Na bar ki lafiya,
Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kai dai ba a iya ɓoye maka abu.

A zaune yake. Hannun ne ke rawa, ya fara ne jim kaɗan bayan tafiyarka. Likita ya ba da magani, ya ce zai rage amma ba zai daina ba. Yanzu ni ke zura masa zare a allura. Kwanan baya almakashi ya goce masa ya ɓata yadin wata mata. Ta naɗe kayanta ta fita, shi kuma ranar ko abinci bai taɓa ba. Masu kawo ɗinki sun fara janyewa, amma in Mama ta yi zancen rufe shago sai ya tashi ya bar mata ɗakin.

Ya hana a gaya maka. Ya ce ka sha wuya kafin ka samu aikin jaridar nan, ba zai zama sanadin da za ka bari ba. Ni dai tsoro nake ji, Yaya.

Yanzu ya matsa sai na sake ɗaukarsa, kada wancan ya tayar maka da hankali. Ya zan yi ya fito daidai?

Auta

*

Auta,

Na gani. Allah ya ba shi lafiya.

Ki fito da kujerarsa bakin shago da hantsi, inda haske ya wadata. Ki murza ɗan abin da ke saman kyamarar har lambar ta kai ɗaya bisa ɗari biyar. A wannan saurin labulen zai rufe kafin hannun ya motsa. Kada ki ce ya riƙe hannun, ƙara rawa zai yi. Kada kuma ki ce mun yi wannan maganar.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ga shi nan, ya fito tas.

Sai da ya sa sabuwar riga, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya ɗauko almakashi ya riƙe. Da na nuna masa ya daɗe yana kallo, har ya kira maƙwabcinsa mai wanki ya gani. Ya ce in rubuta maka haka: "Ka duba da kyau, tsohon nan da sauransa. Ka tsaya kan aikinka."

Na rubuta. Ni kuma sai na shige bayan shago na yi kukana.

Auta

*

Auta,

Salam. Ki ce wa Baba hoto ya yi kyau, na ga ƙarfinsa.

Ki kuma ce masa aikin jaridar ne bai karɓe ni ba, sun sallame ni. Ina tafe ƙarshen wata. Ki tambaye shi ko zai ɗauke ni a shago, in riƙa yanka yana nuna mini.

Ki faɗa masa haka daidai, kada ki ƙara komai.

Yayanki