Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Maigida,

Gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko da ranka ma ba karatu ka iya ba, sai baki. Malam Isa ke rubuta mini, yana ta kallona kamar na zautu.

Albishirinka, an hana aikin dole. Bana ba a ɗebi kowa zuwa gyaran hanyar Ɗan Issa ba, maza sun yi nomansu har ƙarshe. Ba abin da ka tsaya gaban kumandan, Baturen mulki, ka faɗa ba ke nan, cewa ba a raba mutum da gonarsa da damina? Gari duka ya yi shiru ranar, kai kaɗai ka buɗe baki, sai suka sa ka a gaban layin masu tafiya aikin. Waɗanda suka dawo sun ce can ma rigima ka yi ta yi, har zazzaɓi ya kayar da kai.

Ka tuna waƙar dakan da na ƙaga, wadda nake jera sunan duk wanda hanya ta ci? Kai da kake cewa muryata na korar kifin tafki, ga shi yau har matan Gabi na yin ta. Sun san kowa a ciki ban da kai. Ina zuwa wurin sunanka sai in bar taɓarya ta faɗi ita kaɗai. Yaushe mace ta fara faɗin sunan mijinta?

Abin ya dame ni da na ji 'yan matan unguwa suna tsallake wurin, ba su ma san da mutum a nan ba. Idan na mutu fa? Wanda ya yi magana domin kowa, shi za a manta?

Jiya ana dakan biki na faɗi sunanka. Da ƙarfi, gaban innarka. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, sai na ji tsohuwa ta karɓa tana kuka, ita da ba ta taɓa kiran ɗan farinta da suna ba.

Ban taɓa gaya maka ba: ranar kumandan, tsoro ya kusa kashe ni, amma ban taɓa son ka kamar ranar ba. Sunan naka kuma, ashe yana da daɗi a baki.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.

Taka har kullum,
mai korar kifi.