Hodar da Kika Aiko wa Goggonki

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya yaran da makaranta? Ni dai gwiwar nan ce, sai godiya.

Bilkisu, wa ya sa ki aiko wa Goggonki Rabi hodar 'yan mata? Ranar sunan jikanta a Burumburum ta lafta ta kamar mai yaɓen rumbu, ko mai ba ta fara shafawa ba. Da zufa ta karyo, fuskar ta tsattsage kamar fadama da rani. Wata ƙawarta ta ce, "Rabi, rumbun naki yana son gyara." Mata suka yi ta dariya.

Tun ranar ba ta fito ba, ga shi ita kaɗai ke leƙo ni da fura mu yi hira. Mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, man kaɗe da kwalli suka ishe ta har tsufa.

Ki kira ta ki lallashe ta. Ni ta ƙi ɗaga wayata, wai ni ma na yi dariya, alhali tari ne ya sarƙe ni. Ki gaya mata tabarmarta tana nan a shimfiɗe.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Mahaifinki